Garin Neman Gira: Tarihin Jijiyar da ke Fitowa a Jikin Masu Gina Tsoka

Kwanakin baya ina gabatar da shirin wasanni a gidan rediyon da nake aiki, sai wani matashi ya bugo waya. Ya ce shekararsa biyu yana ɗaga ƙarfe, ƙwanjinsa ya fito, ƙirjinsa ya buɗe, amma har yau jijiyoyin damtsensa sun ƙi fitowa ruɗu-ruɗu kamar na mutanen da yake gani a hotunan wayarsa. Ya ce wani abokinsa ya ba shi sunan wata ƙwaya mai sa fitsari, wai idan ya sha ta kwana uku a jere jijiya za ta fito. Abin da yake son sani shi ne guda nawa zai riƙa sha. Na ce masa kada ya kuskura ya sha ko ɗaya, kafin in ƙara wani bayani lokacin shiri ya cika, aka katse layi.

Tun daga ranar tambayar take yi mini yawo a zuciya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaron nan bai tsaya tambayar ko fitowar jijiya tana da wani amfani ba. Ya riga ya yarda cewa ita ce shaidar ƙarfi, wanda kuwa ba shi da ita bai yi komai ba. Wannan tunani yana da tarihi, kuma tarihin bai wuce 'yan shekaru ba. Wanda ya san inda abin ya samo asali, da irin rayukan da ya ci, zai fi iya yi wa kansa zaɓi.

Wace jijiya ce ake gani?

A Hausa kalmar jijiya tana ɗaukar abubuwa da yawa, amma a nan ana maganar jijiyar jini ce. Ita ma iri biyu ce. Akwai wadda take ɗaukar jini daga zuciya zuwa sassan jiki, mai kaurin bango, wadda yawanci take can ciki, ita ce likita yake taɓawa a wuyan hannu ya ji bugu. Akwai kuma wadda take mayar da jini zuwa zuciya, bangonta siriri ne, tana iya buɗewa ta kumbura, kuma da yawa daga cikin irinta suna kwance ne tsakanin fata da tsoka. Wannan ta biyun ita ce take fitowa a damtsen masu gina jiki.

Masana sun daɗe suna bibiyar hanyar jini. A ƙarni na 13, Ibn al-Nafis, likitan da ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu kafin ya koma ɗaya ɓangaren zuciya. A 1603 wani malamin jami'ar Padua ta Italiya mai suna Fabricius ya wallafa littafi a kan wasu 'yan ƙofofi da ya gani a cikin jijiyoyi. Ɗalibinsa, Baturen Ingila William Harvey, shi ne ya gano aikinsu a littafin da ya fitar a 1628. A cikin littafin akwai zanen hannun mutum da aka ɗaure da tsumma a saman gwiwar hannu, jijiyoyi sun tashi ɓaro-ɓaro. Harvey ya nuna cewa idan ka danna jijiyar da yatsa ka tura jinin baya zuwa wajen tafin hannu, ba ya wuce waɗannan ƙofofi, domin hanya ɗaya suke buɗewa, wato zuwa zuciya. Duk wanda aka taɓa ɗibar jininsa a asibiti ya ga wannan darasi: ana ɗaure masa hannu da roba, jini ya ci gaba da shigowa, hanyar komawarsa ta matse, sai jijiya ta cika ta fito.

Abubuwan da ke fito da ita

Abu na farko, kuma mafi girma, shi ne ƙarancin kitse. Jijiyar tana nan a jikin kowa, kitsen da ke ƙarƙashin fata ne yake lulluɓe ta kamar bargo. Namiji mai lafiya da ke rayuwarsa ta yau da kullum yakan kasance da kitse kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa. Idan ya sauko wajen kashi 10 zuwa 12, jijiyoyin hannu sukan fara bayyana. Masu hawa dandalin gasa kuwa sukan gangaro har kusan kashi 5, daf da ɗan abin da jiki ba ya iya rayuwa sai da shi. Mata a halittarsu sun fi maza kitse, shi ya sa jijiyarsu ba ta cika fitowa ba, kuma macen da ta matsa wa kanta ta rage kitse fiye da kima, al'adarta ta wata-wata tana iya ɗaukewa.

Na biyu shi ne girman tsoka. Tsoka idan ta yi girma tana tura jijiyar da ke kanta zuwa ga fata, kuma tana bukatar jini mai yawa, don haka hanyoyin da ke kwashe jinin su ma sukan ƙara faɗi a hankali.

Na uku shi ne abin da ke faruwa a lokacin motsa jiki. Zuciyar mutum a zaune tana harba kusan lita 5 na jini a minti ɗaya. Idan yana aiki mai tsanani adadin yana iya kaiwa lita 20 zuwa 25, kuma mafi yawansa tsokokin da ke aiki ne suke janye shi. Jijiyoyin da ke kawo jini suna buɗewa, wani ɓangare na ruwan jini yana tsatsafowa cikin tsoka ta kumbura ta yi tauri, ta matse jijiyoyin can ciki, sai jini ya taru a na saman. Wannan ne ya sa mutum yake ganin jijiyarsa a madubi bayan ya sauke ƙarfe, bayan ɗan lokaci kuma ta lafa.

Na huɗu shi ne zafi. Jiki yana buɗe jijiyoyin fata don ya fitar da zafi, a lokacin sanyi kuma ya tsuke su. Hannun da jijiyarsa take tsaye da rana a watan Afrilu, shi ne za ka gani sumul da asubar hunturu.

Na biyar shi ne gado da shekaru. Wani fatarsa siririya ce, jijiyarsa kuma tana kusa da sama tun haihuwa. Tsufa ma yana rage kaurin fata. Shi ya sa za ka ga tsohon manomi ko mai faskare da jijiyoyi raɗa-raɗa a hannu alhali bai taɓa shiga ɗakin ɗaga ƙarfe ba, ka kuma ga matashin da ya shekara biyar yana ɗagawa amma tasa ba ta fito sosai ba.

Daga gumakan Girka zuwa Sandow

Masu sassaƙa ne suka fara mayar da jijiya abin kallo. Marubucin Rum Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya rubuta cewa wani masassaƙin Girka mai suna Pythagoras na garin Rhegium, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, shi ne ya fara fito da jijiyoyi a jikin mutum-mutumi. Wannan ba Pythagoras ɗin nan na lissafi ba ne. Bayan kusan shekara dubu biyu, Michelangelo ya kammala mutum-mutuminsa mai suna David a birnin Florence a 1504, kuma har yau masu ziyara suna tsayawa kallon jijiyoyin da ke bayan hannunsa na dama. Sai dai a wurin waɗannan masu fasaha jijiya ɗan ƙari ce kawai, ana sa ta a hannu ko a wuya don dutse ya yi kama da mai rai.

Mutumin da ake kira uban gina jiki na zamani, Eugen Sandow, daga waɗannan gumaka ya ɗauki ma'auninsa. An haife shi a 1867 a Königsberg ta ƙasar Prussia, sunansa na asali Friedrich Müller. Yakan auna gumakan da ke gidajen tarihi, sannan ya horar da jikinsa don ya dace da awon. Ya yi suna a baje kolin duniya na Chicago a 1893, a 1894 kuma kamfanin Edison ya ɗauke shi a fim yana murɗa tsoka.

Ranar 14 ga Satumba, 1901, Sandow ya shirya babbar gasar gina jiki ta farko a zauren Royal Albert da ke Landan. Alƙalai uku ne: shi kansa, da masassaƙi Charles Lawes, da likita kuma marubuci Arthur Conan Doyle. William Murray ne ya yi nasara. Abubuwan da aka duba su ne ginuwar jiki gaba ɗaya, da daidaiton gaɓoɓi, da yanayin tsoka, da kyan fata, da lafiyar mutum. Mai karatu ya riƙe wannan na ƙarshen, domin nan gaba za mu ga yadda ya ɓace.

Haka aka ci gaba har tsakiyar ƙarni na 20. John Grimek da ya ci gasar Mista Amurka a 1940 da 1941 gwanin ɗaga nauyi ne da ya wakilci ƙasarsa a wasannin Olamfik na 1936. Steve Reeves da ya ci a 1947, ya kuma fito a fim ɗin Hercules a 1958, duk wanda ya kalli hotunansa zai ga faffaɗar kafaɗa da siririn ƙugu da fata sumul. Har ana ba da labarin cewa Vince Gironda, wanda ya riga zamaninsa wajen tsotse kitse, alƙalan shekarun 1950 sun riƙa rage masa maki saboda suna ganin jikinsa ya bushe da yawa. Wato abin da matashin da ya bugo mini waya yake nema da ƙwaya, a wancan lokaci aibi ne.

Yadda ma'auni ya juya

Abubuwa uku suka haɗu suka sauya lamarin. Na farko magunguna. A 1935 masana kimiyya a Turai suka ware sinadarin namiji na testosteron, suka kuma iya haɗa shi a ɗakin gwaji. A gasar ɗaga nauyi ta duniya da aka yi a Vienna a 1954, likitan tawagar Amurka John Ziegler ya samu labarin cewa 'yan Tarayyar Sobiyet suna amfani da shi. A 1958 ƙwayar Dianabol ta shiga kasuwa, ba da daɗewa ba ta bazu a ɗakunan ɗaga ƙarfe. Irin waɗannan magunguna, da ake kira sitiroyid, suna ƙara girman tsoka, suna ba mutum damar rage abinci sosai ba tare da tsokar ta zube ba, suna kuma ƙara kaurin jini da hawansa. Sai dai wasunsu suna tara ruwa a jiki, abin da ya tura masu sha ga wani maganin kuma: ƙwayoyin sa fitsari irin su furosemide, wanda aka fito da shi a shekarun 1960 don masu ciwon zuciya da ƙoda da kumburi.

Na biyu kasuwa. 'Yan'uwa biyu daga Montreal ta Kanada, Joe da Ben Weider, sun kafa ƙungiyar IFBB a 1946, suna kuma da mujallu da kayan sayarwa. A 1965 Joe Weider ya ƙirƙiro gasar Mista Olimpiya a New York, Larry Scott ya zama zakaran farko. A nan ba a tambayar nauyin da mutum zai iya ɗagawa, siffa kawai ake kallo. Arnold Schwarzenegger ya ci sau shida a jere daga 1970 zuwa 1975, ya ƙara a 1980, fim ɗin Pumping Iron na 1977 kuma ya kai wasan gidajen mutanen da ba su taɓa jin labarinsa ba.

Na uku shi ne halin gasa kanta. Idan mutum goma suka jeru kuma dukansu manya ne, dole alƙali ya nemi abin da zai bambanta su. Sai ido ya koma kan wanda fatarsa ta fi mannewa da tsoka, wanda ake iya ƙirga zaren tsokarsa, wanda jijiya ta bi cikinsa da cinyarsa kamar saiwar itace. Duk wanda ya ci bana da irin wannan jiki, baɗi sai kowa ya zo da wanda ya fi shi. Zuwa lokacin Dorian Yates na Ingila, wanda ya riƙe kambun daga 1992 zuwa 1997, girma tare da bushewa sun zama sharaɗi. Abin mamaki, kyautar da ake miƙa wa zakara tun 1977 ɗan ƙaramin gunkin Sandow ne, mutumin da da zai dawo yau da jikinsa, da ba zai tsallake zagayen farko ba.

Kafin ranar gasa akwai shiri na musamman. Ana shafe watanni uku zuwa huɗu ana rage abinci. A makon ƙarshe a rage cin abinci mai sitaci, sannan a dawo a ci da yawa, dabarar da aka aro daga binciken da Bergström da Hultman suka yi a Suwidin a shekarun 1960, domin kowane giram ɗaya na sukarin da tsoka take ajiyewa yana jan kusan giram uku na ruwa ya shiga cikinta ta cika. Ana wasa da gishiri da ruwan sha, a aske gashin jiki, a shafa launi mai duhu da mai, a ɗan ɗaga ƙarfe a bayan fage mintuna kaɗan kafin a fito, sannan fitilu su hasko daga sama. Jikin da ake ɗauka a hoto na 'yan sa'o'i ne. Bayan mako biyu shi kansa mai jikin ba haka yake ba.

Abin da aka biya

A watan Oktoba na 1992, Mohammed Benaziza, haifaffen Aljeriya da ke wakiltar Faransa, ya ci wata gasa a ƙasar Holan. Shi ne mutumin da ya taɓa kayar da Dorian Yates a New York a 1990. Sa'o'i kaɗan bayan nasararsa ya mutu a masaukinsa yana da shekara 33, kuma an danganta mutuwar da magungunan tsotse ruwan jiki. A 1994, a gasar Arnold Classic da ke Columbus ta Amurka, Paul Dillett, wanda ya shahara da yawan jijiyoyi, tsokokinsa suka ƙage yana tsaye a kan dandali saboda ƙarancin ruwa, sai ɗaukarsa aka yi kamar gungume. Shi ya rayu. A ranar 14 ga Maris, 1996, Andreas Münzer ɗan Ostiriya, wanda ake buga misali da bushewar jikinsa, ya mutu a wani asibiti a Munich yana da shekara 31, kwanaki kaɗan bayan ya dawo daga gasa a Amurka. Binciken gawarsa ya nuna kusan babu kitse a ƙarƙashin fatarsa, hantarsa ta lalace da ƙari, zuciyarsa kuma ta kusa ninka girman ta mutum. A wannan shekarar aka yi gwajin magungunan sa fitsari a gasar Mista Olimpiya, har aka ƙwace matsayi na uku daga hannun Nasser El Sonbaty.

Dalilin haɗarin a fili yake. Kusan kashi 60 cikin 100 na jikin namiji ruwa ne, kuma ƙwayar sa fitsari ba ta san ruwan ƙarƙashin fata daban ba. Daga jini ƙoda take tace ruwan da take zubarwa, tare da gishiri da sinadarin fotasiyam. Bugun zuciya kuwa ya dogara ne da daidaiton waɗannan sinadarai. Idan fotasiyam ya yi ƙasa sosai, ko ya yi sama sosai, zuciya tana iya rikicewa ta tsaya ba tare da gargaɗi ba. Ga kuma abin takaici: idan ruwan jini ya ragu, jijiyar da ake son ta fito sau da yawa kwanciya take yi, tunda abin da ke cika ta ne aka zubar. Mutumin da kitsensa bai sauka ba, ko ya yi fitsari cikin bokiti jijiyarsa ba za ta fito ba. Mai yin haka a ƙasar da zafi yake wuce digiri 40, yana gumi a ɗakin ɗaga ƙarfe, ya ɗora wa ƙodarsa kaya biyu.

Jijiya da ƙarfi

To, ko jijiya tana nuna ƙarfi? Mu duba waɗanda aka auna ƙarfinsu da sikeli. Lasha Talakhadze ɗan ƙasar Jojiya ya ɗaga kilo 267 sama da kansa a Tashkent a 2021, kuma mutum ne mai tumbi. Cheick Sanou na Burkina Faso, wanda aka fi sani da Iron Biby, ya kafa tarihin duniya da ɗaga gungume mai kilo 229 a Glasgow a shekarar, shi ma jikinsa a cike yake. A Nijar, tun 1975 da aka fara gasar kokowar gargajiya ta ƙasa a Tahoua, ba a taɓa ba wani takobi don jijiyarsa ta fi fitowa ba, wanda ya kayar shi ne sarki. Mai gina jiki kuwa ranar da ya fi kyan gani a dandali ita ce ranar da ya fi rauni, domin yana tsaye ne da yunwa da ƙishirwa.

Wannan ba raina wasan ba ne. Horo ne mai wuya da ke bukatar haƙuri na shekaru, kuma 'yan Afirka sun yi fice a cikinsa: Mamdouh Elssbiay na Masar, wato Big Ramy, ya ci Mista Olimpiya a 2020 da 2021, Samson Dauda haifaffen Legas mazaunin Ingila ya ci a 2024. Hotunan irin waɗannan zakaru su ne suke shigowa wayoyin matasanmu, amma hoton ba ya zuwa da bayanin watannin yunwa, ko fitila da man da aka shafa, ko sunayen waɗanda suka mutu a hanya.

Ya kamata kuma a bambanta jijiyar mai motsa jiki da jijiyar ciwo. Wadda take murɗewa ta yi ƙulli-ƙulli a ƙafa, tare da nauyi ko zafi, alama ce ta 'yan ƙofofin nan na Harvey sun gaji, jini yana komawa baya. Hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya da ciwo, tana iya zama jini ne ya daskare a ciki, kuma wannan maganar asibiti ce ba tare da jinkiri ba.

Da matashin nan zai sake bugowa, ga abin da zan faɗa masa. Ƙanena, ci gaba da ɗaga ƙarfenka, ka ci wake da ƙwai da kifi da nama gwargwadon aljihunka, ka rage mai da kayan zaƙi a hankali, ka sha ruwa, ka yi barci. Idan kitse ya sauka, jijiya za ta fito daidai abin da ka gada daga iyayenka, wani da yawa, wani kaɗan. Ƙwayar da abokinka ya ba ka suna kuwa maganin marasa lafiya ce, likita yake rubuta ta yana auna jini. A gasar farko ta 1901 lafiyar mutum tana cikin abin da ake ba maki. Alƙalan baya sun cire ta daga lissafinsu, amma kai da ba ka neman kofin kowa, babu abin da ya tilasta maka bin su. Kada garin neman gira ka rasa ido.